Yatsan da Ya Danna "Fasa"

"Danna," in ji mijinta.

Ta miƙa yatsa, ta ɗan yi jim kamar yadda take yi kafin ta taɓa duk wani abu nasa, sannan ta danna. Allon kwamfutar ya yi ɗif. Ta janye hannu da sauri tana jiran faɗa. Sai ga shi ya zabura har kujera ta kife.

"Ta mutu! Wallahi ta mutu! Amarya, zauna ki sake."

Shayi kawai ta kawo masa. Tun da aka kawo ta gidan nan, ɗakin aikinsa ba wurin zamanta ba ne. Takan ajiye tire ta fita a kan yatsun ƙafa. Amma a ranar nan, da kansa ya jawo mata kujera.

Ya yi mata bayani yana kallon allo. Manhaja ce da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi wata na'urar daban, kwamfuta a cikin kwamfuta. In tana son ajiye abu a faifai, sai ta tura saƙon kamar ɗan aike, ta ci gaba da harkarta ba ta jira shi ba. In aka danna "fasa" yana hanya, sai ta share wurin da zai dawo ya tsaya. Ya dawo ya tarar ba ko tabarma, sai komai ya ruguje.

Zatonsa ke nan, amma ya kasa kama ta tana yi. In shi ya danna, ya cika sauri. In ya sa na'ura ta danna, ta cika tsari. Ɗan jinkirin nan nata na mai tsoro shi ne ke faɗawa daidai kan gaɓar.

"Ashe kunyar nan taki tana da rana," ya ce.

Ta sunkuyar da kai. A daren aurensu ma bai yaba mata haka ba.

"In ba ta gyaru ba fa?" ta tambaya a hankali.

"Shi ke nan na yi asara. Duk rayuwata a kan wannan ta rataya."

Ba ta yi nisa a karatu ba, amma wannan lissafin ta iya shi. In aiki ya tafi, gidan haya ya tafi. In gidan haya ya tafi, sai gidan Hajiya, mahaifiyarsa, inda ta yi zaman farkon aure tana wanke kwanukan mutum goma, ana kiranta "waccan" alhali tana tsaye a wurin. Ta gwammace yatsanta ya guntule da ta koma.

Don haka ta danna. Da safe ta gama shara da wuri ta zauna. Da rana ta bar wanki a jiƙe. Yana rubutu, tana dannawa, allo na mutuwa, yana tsaki yana sake tayarwa. Lokacin da ya sa riga mai wuya ya rufe ƙofa yana magana da waɗansu mutane ta allo cikin Turanci, sai ta tsaya a bayan ƙofar tana masa addu'a kada su kore shi. Da ya je aski ya biya ta wurin mai hoto, ta ji daɗi, ta ce hankalinsa ya fara kwanciya.

Ana cikin haka Hajiya ta bugo waya, ba ko gaisuwar kirki.

"Ke, gadon nan naki, zai shiga ɗakin baya kuwa? Auna mini faɗinsa."

Ta auna, ta faɗa, ta yi godiya. Da ta ajiye wayar sai ta tsaya tana kallon gadon. Wato har uwar da ta haife shi ta fid da rai zai yi nasara. Ta koma kujerarta ba tare da ya kira ta ba.

Ranar wata Laraba ya gano bakin zaren. Gyaran bai kai tsawon tafin hannu ba a allo: in an fasa, a yi wa saƙon alama, a jira ɗan aiken ya dawo, sannan a share wurin.

"Danna."

Ta yi jim, ta danna. Allon bai ko ƙifta ba. Ta yi ta dannawa har la'asar, yatsa ya yi tsami, na'ura na nan garau. Ya kama hannun nata ya riƙe, ya daɗe bai saki ba, bai kuma dube ta ba. Sannan ya tura aikin.

Satin da ya biyo baya ta wanke labulaye. Ta sayi ɗan tsiron fure ta ajiye a bakin taga, tun da dai zama ya tabbata.

Tana ba furen ruwa ta ji tsayuwar motar ɗaukar kaya. Ƙanwar mijinta ce ta shigo da kwalaye a hammata, tana cin cingam.

"Matar yaya, ba ki ma fara haɗa kaya ba? Hajiya ta ce kafin azahar."

"Kayan me? Ai ta gyaru. Ba za su kore shi ba."

Ƙanwar ta daina tauna.

"Wa zai kore shi? Au, bai gaya miki ba? Ai jarrabawar ɗaukar aiki ce ta wani kamfani a ƙasar waje, kuma ya ci. Jibi zai tashi, shi kaɗai."