Wayar da Ba Ta Kunna Komai

Maigida, ka ce kada in saka wannan waya ta uku, wayar ƙasa, tunda ba ta kunna ƙwan lantarki, ba ta juya fanka. To, jawo benci ka zauna tukuna, in ba ka wani misali.

An yi wani dattijo mai injin markaɗe na lantarki a zauren gidansa. Ran da aka kafa injin, ya sa aka haƙa rami dab da ƙofar shiga gida, aka kafa sandar jan ƙarfe, aka zuba gawayi da gishiri aka binne. Daga sandar aka ja waya aka ɗaure a gangar jikin injin. Tun daga ran nan ba ya alwala sai a kan wurin, don ƙasar ta zauna da danshi ko da bazara. Mutum ne marar yawan magana. In ɗansa ya tambayi dalili, amsar ɗaya ce: "Kai dai bar shi yadda ka gan shi." Alhali shi ya san dalilin sarai. Ita wuta kullum hanyar gangarawa ƙasa take nema, kamar ruwan indararo. In robar wata waya ta cinye a cikin injin, wuta ta tsiyayo cikin ƙarfen, wannan wayar ce za ta kwashe ta ta kai ƙasa, fis ya ƙone ya yanke wutar, kowa ya tsira. Maganar da ba ta fi a faɗe ta ana shan fura ba, amma bawan Allahn nan bai taɓa faɗa ba har ƙasa ta rufe masa ido.

Ɗan ya gaji injin, ya gaji kula da tsohuwarsa. Kada ka ɗauka shashasha ne, wallahi mutumin kirki ne mai tausayin uwa. Wata rana tsohuwar ta zo wucewa, wayar ta harɗe mata ƙafa, ta zame a kan danshin ta gurɗe gwiwa. Ransa ya ɓaci. Ya kama wayar da hannu, bai ji komai ba. Ya ce a ransa, tsofaffi da camfi! Ya sa filaya ya datse ta, ya tone sandar, ya shafe wurin da siminti sumul don kada mahaifiyarsa ta sake faɗuwa. Injin ya ci gaba da aiki lafiya lau, maƙwabta na yaba gyaran, tsohuwa na ta sa masa albarka.

Ana nan ana nan, zafi da girgiza suka cinye robar wata waya a ciki. Ba hayaƙi, ba ƙauri, fis ma bai ƙone ba, don wutar ba ta sami mafita ba, sai ta maƙale a jikin ƙarfen. Shi yana sanye da takalmin roba, bai ji komai ba. Da hantsi markaɗe ya yi yawa, tsohuwa kuwa ba ta iya ganin ɗanta cikin wahala ta zauna. Ta lallaɓo da ɗingishinta, ƙafa ba takalmi, simintin jiƙe sharkaf, za ta ƙara masa ruwa a kan tattasai. Ta dafa ƙarfen don ta tsaya daidai. Wutar ta bi ta jikinta ta gangara ƙasa. Kafin ya kai hannu ya kashe injin, rai ya yi halinsa, a gaban idonsa.

Bayan an share makoki aka kira mai gyara. Ya zagaya injin, ya ce, "Ina wayar ƙasa?" A tsaye ya yi wa ɗan bayanin, bai ko zauna ba. Ɗan ya zube a kan simintin da ya shafa da hannunsa yana kuka kamar ƙaramin yaro, ba abin da yake maimaitawa sai, "Da Baba ya gaya mini." Bai sake buɗe zauren nan ba.

Ni dai tausayinsa nake ji har cikin raina, kuma Allah ya jiƙan uban, amma ban wanke shi ba. Da hantsi abin ya faru, ga haske ko'ina, ɗan na kallo, bai ga komai ba. Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.