Shekara Sittin a Shagon Mai Hoto

Ƙarti huɗu ne suka ɗauko allon, suna nishi, suka jingine shi da bangon shago. Manaja ya ja da baya ya ƙare masa kallo. Lallai mai fenti ya yi aiki. Ga Baba Mai Hoto nan ya cika allo, hula a karkace, da murmushin nan na mutumin da aka ce wa kada ya motsa. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: "Wanda ya kafa shagon nan shekara sittin da suka wuce."

Asalin hoton ɗan ƙarami ne, baƙi da fari, yana rataye a tagar shagon tun kafin a haifi mahaifin Manaja. Duk wanda ya tashi a layin ya san fuskar.

Manaja jikan marigayi Baba Mai Hoto ne. Bara mahaifinsa ya rasu, shago ya dawo hannunsa, kuma wannan biki shi ne abu na farko da zai shirya da kansa. Mai shagon hoto na tsallaken titi ya yi nasa bikin na shekara ashirin da biyar kwanan baya, ya tsaya gaban jama'a ya zuba tarihi da bakinsa har aka yi ta tafi. Manaja ya ci alwashin sai nasu ya fi. Ya yi hayar rumfa da kujeru, ya gayyaci wani ɗan jaridar rediyo. Abu ɗaya ya rage masa, wato wanda zai ba da labarin ranar da aka buɗe shagon. Mutum ɗaya ce ta rage a duniya da ta ga ranar, ita ce Kaka, matar marigayin. Ita kuwa ta ƙi ba da fuska.

Ya same ta a ɗakinta ya durƙusa.

"Haba amaryata, bikin mijinki guda ne fa."

"Mijina ai ga shi nan a gabana, ya hana ni sakat da surutu."

Ya miƙa mata waya ta ga hoton allon. Ta rufe ido ɗaya, kamar yadda ta saba in za ta duba abu, ta ɗan karkata kai.

"An ƙara masa haske a kunci," in ji ta. Ta mayar masa da wayarsa.

Gwaggonsa, autar Kaka, ta ce ya ƙyale ta, kewa ce. Sai ya koma neman tarihi a bakin Gwaggo, amma abin da ta tuna bai taka kara ya karya ba. Baba dai kullum yana kan kujera a bakin ƙofa, cikin wankakkun kaya, yana gaisawa da masu wucewa, ma'aikata suna ciki suna aiki. Innarsu kuma tana ɗakin baya tana taya shi wankin hotuna, har warin maganin ya kama hannuwanta.

Manaja ya zazzage akwatunan gida. Ya samu hotunan Baba fiye da ƙima: ga shi a kan keke, ga shi da jariri a cinya, ga shi yana shan iska. Na Kaka a ƙuruciyarta kuwa ko ɗaya babu.

"Kunya ce irin ta mutanen da," in ji Gwaggo.

Ranar biki rumfa ta cika. An lulluɓe allon da farin ƙyalle. Mai shagon tsallake ya zo da wuri, ya zauna a sahun gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kaka ba ta iso ba sai da aka fara, ta lallaɓa ta zauna can baya.

Manaja ya karɓi makirufo. Ya yi godiya ga manyan baƙi, ya sake yin godiya. Ya ce kakansu mutum ne mai hangen nesa, wanda ya fara da kyamara ɗaya tak. Daga nan zance ya ƙare masa. Ɗan jarida ya tambaye shi a ina marigayin ya koyi sana'ar. Manaja ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi takalmanta. Mai shagon tsallake ya yi gyaran murya, irin wanda ba na mura ba.

Sai aka ji ƙarar sanda a kan siminti. Kaka ce ta taso, tana tafe a hankali, ana dare mata hanya. Da ta zo daidai mai ɗaukar hoton bikin, ta taɓa ƙafarsa da sanda ta ce ya koma ɗaya gefen, rana na dukan fuskarsa. Aka yi dariya, aka ce tsufa ne. Ta kama ƙyalle ta ja, allo ya bayyana, wuri ya kaure da tafi.

Ɗan jarida ya matso da sauri. "Kaka, ko za ki tuna ranar da marigayi ya buɗe shagon nan?"

"Ranar da aka buɗe dai na tuna," in ji ta. "Tun safe ko ƙuda bai leƙo ba. Can ga wani saurayi ya shigo da aron hula, wai hoton neman aiki yake so. Aikin dai bai samu ba. Amma hoton ya yi kyau, sai aka rataye shi a taga don ya jawo mutane. Tun daga nan in ya wuce sai 'yan layi su ce ga mai hoton nan na taga. Sunan ya bi shi."

Ta ɗaga kai ta dubi allon, ta rufe ido ɗaya.

"Allah Ya jiƙansa. Shi na fara ɗauka ranar da na buɗe shagona, kuma har ya bar duniya ban yarda ya taɓa min kyamara ba."