Maƙeri da Allunan Tasha

Kai da kake cewa ka san haruffan boko kaf amma karatu ya ƙi ka, gyara zama ka ji abin da ya sami wani maƙeri. Mutumin nan tun yana saurayi yake dukan ƙarfe, har guduma ta cinye masa kunne. In ka ce masa ina kwana, sai ya ce maka ka dawo gobe, bai gama ba. Yana da 'ya, autarsa, wadda yake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya, aka kai ta aure Tudun Gamji, tafiyar wuni a mota. Da ta yi haihuwar fari ya ci ado ya nufi tasha. 'Yan kamasho na ta kiran garuruwa, shi kuwa bakunansu kawai yake gani suna motsi, girman kai ya hana shi cewa ba ya ji. Wanda ya fara jan hannun rigarsa shi ya bi. Mota ta yi arewa da shi alhali kudu za shi. Kafin ya lalubo hanya an ci suna an watse, ko ƙashin ragon bai tarar ba. 'Yar ta kawo masa ruwa tana goge ido da gefen mayafi. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Da aka aiko cewa ta sake samun ciki, sai ya shiga ajin yaƙi da jahilci, don ya lura kowace mota a tasha da allon sunan gari a kanta. Ya haddace haruffa tas, ya je tasha ranar kasuwa ya gwada. Nan aka yi ta. Sai ya kama harafin farko ya juya shi a baki, ya ajiye, ya ɗauki na biyu, kafin ya kai wutsiyar kalma kanta ya tsere masa. Masu ƙarin gishiri sun ce akwai motar da ta cika, ta je, ta dawo, ta same shi tsaye bai gama sunan garinta ba. Ya koma gida ya zauna bakin zugazugi ya yi tagumi. Matarsa ta zo daidai kunnensa ta ɗaga murya, ta ce, "Malam, kai da kake gane gatarin mutum tun yana ƙofar gari? In an kawo maka fartanya, sai ka cire ƙota ka shinshina kafin ka san fartanya ce?" Ya ce mata ba ya son surutu, amma maganar ta shige shi.

Daga nan duk ranar kasuwa sai ya sami benci wajen mai shayin tasha ya zauna, ba ya karanta komai, kallo kawai yake yi. A hankali allunan suka fara yi masa kama da kayan maƙera. Ashe rabinsu ƙotarsu ɗaya ce, ruwan ne ya bambanta: ga Gidan kaza, ga Gidan kaza, ga Sabon, ga Unguwar, ga Tudun, kullum da siffarsu, ba sa sake riga. Wasu kuma wutsiyarsu ce ɗaya, duk su ƙare da haruffan "awa". Har ƙananan gaɓoɓi, irin su "ba" da "ka" da "gam", ya daina ɓamɓare su, ya bar su a manne yadda aka ƙera su. Abin da a da yake tsinta ɗaya ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, yanzu ido na ɗauka a dunƙule.

Da 'yar ta haihu, ranar tafiya suna ya shiga tasha da sandarsa. Wani ɗan kamasho ya cafke masa hannun riga yana nuna wata mota. Tsoho ya ɗaga kai, kallo ɗaya ya ga Tudun, amma abin da ke biye ba nasa ba ne. Ya zare hannunsa ya ce, "Sake ni, ɗan nan, ƙotar ce kawai tawa." Ya wuce ya sami tasa ya hau gaba. Ya kwana a garin, da safe yana cikin sahun farko a ƙofar gida. Liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha, jama'a suka juyo suna dubansa suna murmushi, shi kuwa bai ji ko kalma ba. Ya shiga ciki ya karɓi jariri, ya tambayi 'yar me aka sa wa yaro. Ta sunkuyar da kai. Sunan ba wanda bakinta zai iya faɗa ba ne, balle ta ƙwala shi a kunnen ubanta. Sai ta ja tsinken tsintsiya ta rubuta a ƙasa. Bai tsaya lissafa haruffa ba, don wannan kalma ita ce ta farko da malamin aji ya sa shi rubutawa, ya cika allo da ita har alli ya ƙare. Sunansa ne. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce hayaƙin murhun gidan nan ya cika yaji.

Haruffa dai su ne na jiya, idon ne ya saba da yadda suke tafiya ƙungiya ƙungiya har ya daina jin tsoronsu. Shi ya sa Hausawa suka ce: ido, wa ka raina? Ya ce, wanda nake gani yau da gobe.