Akwatin Cokula a Shagon Uwani

Tun da aka hana ci da hannu a gidajen abinci, sai akwatin gilashi mai na'ura ya duba tsaftar tafin mutum kafin ya ba shi cokali.

Da azahar Malam Tanimu marini ya wanke hannu sau uku a shagon Uwani mai tuwo, akwatin ya ƙi buɗewa.

"Shuni ne fa, Uwani, ba dauɗa ba."

"Na sani, Malam. Ni ma na gaji."

"To, ciro mini da hannunki."

"In akwatin ya gane, rufe mini shago za a yi."

Ta juye masa tuwon a leda. Ya zagaya bayan katanga, ya tarar da mahauta biyu da bakanike a tsugune suna ci da hannu. Suka matsa, suka ba shi wuri.