Rigar da Ba Ta da Hannuwa

Bencin da ke ƙofar ofishin malamin ɗinki ƙafarsa ɗaya ta gaza, don haka wata tsohuwa da ke jira ta zauna daga gefe, ta ɗora ledarta a cinya. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Duk abin da ake faɗa a ciki yana faɗowa kunnenta.

Wani ɗalibi ne yake kuka a ciki, ƙato da shi, har da gemu. Yau ake rufe karɓar rigar gwaji, kuma wanda bai kawo tasa ba, ba zai zauna jarrabawar fita ba. Shi kuwa ya zo hannu rabbana, sai hawaye.

"Kakata ce ta rasu, Malam. Ita ta raine ni."

Tsohuwa ta taɓe baki. Ta ga rashi iri-iri a rayuwarta, ta san kukan gaske. Wannan daga maƙogwaro yake fitowa, har da jan majina da gangan don a ji.

Malam, bawan Allah, ya miƙa masa kujera. Ɗalibi ya samu wuri, ya baje kolinsa. Ya ba da labarin gwiwarta da ta kumbura, da tarin da ya ƙi jin magani, da yadda ya goya ta har asibiti. Tsohuwa ta shafa gwiwarta ta yi tsaki. Daga jin muryar nan, mai ita ko bokitin ruwa bai taɓa ɗaukar wa wani ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ce keken ɗinkinta shi ta bar wa, amma da ya zauna a kansa sai ya tuna ta, shi ya sa aikin ya tsaya. Wato har an raba gado.

Ta leƙa cikin ledar. Riga ce shuɗiya, wuyanta ya fita tsaf, saura hannuwa. Aiki ne mai kyau da ba a ƙarasa ba, wanda kowane malami zai iya dubawa ya ƙara wa mai shi lokaci.

"Maganarta ta ƙarshe," in ji ɗalibin, yana shessheƙa, "cewa ta yi: ka je ka faɗa wa malaminka gaskiya, ka nuna masa inda ka tsaya."

Nan ne ƙyama ta cika ta har wuya. Da tana da inda za ta tofar da yawu, da ta tofar.

Malam ya share ido, ya ce ya kawo rigar duk ran da ya samu natsuwa, gobe kuma 'yan aji za su je gida su yi musu ta'aziyya. Ya rako shi ƙofa, hannu a kafaɗarsa. Ɗalibi na ganin benci ya ƙame, kukan ya ɗauke kamar an kashe famfo.

"Sannu, Mama," in ji Malam. "Wa kike nema?"

Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta miƙa masa ledar, ko kallon ɗalibin ba ta yi ba.

"Rigarsa ce ya baro a gida, Malam. Ni ce marigayiyar."