Buɗe Ido Ka Faɗa

Kujerar da ke haurawa da masu zamiyar ƙanƙara ta tsaya cak, ta bar Golnar da saurayinta Siyamak suna reto a jikin igiyar ƙarfe, can saman duwatsun Alborz. Ƙarƙashinsu kwazazzabo ne fari fat. Sauran kujerun babu kowa, ko ihu suka yi ba mai ji.

Iska ta kaɗa su, igiyar ta yi ƙara. Siyamak ya runtse ido.

"Golnar jan, masoyiyata, in mun sauka da rai ki aure ni. Kada ki bi yayanki Kanada."

Haƙoranta na karkarwa ta ce, "Sai da ka hango mutuwa bakinka ya buɗe? Tsoro ne ke magana, ba kai ba."

"Wallahi ni ne."

"To buɗe ido ka faɗa."

Da ƙyar ya buɗe. Ya ga ramin, ya ga hawaye a kumatunta, ya maimaita maganar.

Can kujerar ta girgiza, ta ci gaba da tafiya.

"Ka sake tambayata idan ƙafarka ta taka ƙasa," in ji ta a hankali. "In ba ka fasa ba, na fasa Kanada."