Goyon Hansatu

A zamanin da ake haɗa wa ma'aurata ƙwan haihuwa a ajiye musu cikin ƙanƙara, doka ta ce in miji ya rasu, ajiya ta ƙare. Ranar da Hansatu ta fita takaba, ta tafi asibiti.

"Ki yi haƙuri, malamai sun ce aure ya yanke, ba za a dasa miki ba," in ji likitar, ta miƙo mata ɗan tulun ƙarfen da ƙwan nasu yake ciki. "Ki kai a binne."

Hansatu ba ta taɓa haihuwa ba. Ta goya tulun, ta lulluɓe shi da mayafi.

A bakin ƙofa wata tsohuwa ta dubi goyon, ta yi murmushi.

"Allah ya raya, 'yar nan."

"Amin, Inna," in ji Hansatu, sanyin ƙarfen yana ratsa bayanta.